Littafin Kaka da Aka Kakkaɓe

Warin gam ne ya fara bugun hancina da shugabar zumuntar matan cocinmu ta miƙo mini Littafi Mai Tsarki na Kaka. Ta ga bangonsa ya yage, ta kai Kankara aka yi masa sabo, baƙi wul mai sheƙi. Na buɗe. Babu komai a tsakanin shafukan.

"Mama, ina abubuwan da ke ciki?"

"Waccan sharar? Ai mai ɗinkin ya kakkaɓe miki ita tas."

Na yi godiya. To me zan ce wa wadda ta yi don Allah?

Ku gane, Kaka ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Amma a ƙauyenmu na wajen Faskari babu wanda ya kai ta sanin inda magana take a littafin nan. Jan zare na rashin lafiya ne. Busasshen ganyen dawa na shekarar da ruwa ya ɗauke. Gashin zabo na tafiya. In abu ya taso, sai ta wanke hannu, ta zauna a zaure, ta tare duk mai karatun da ya gifta. Har malamin gona, maƙwabcinmu Musulmi, ta sha tsayar da shi da kekensa.

"Malam, ara mini idonka."

Yana dariya ya jingine keken, ya karanta inda ta nuna, ta sallame shi da soyayyar gyaɗa.

Ina 'yar shekara bakwai, ana cikin yankan gero, aka aiko cewa ƙanwar Kaka ba lafiya a Sabuwa. Rumbu bai cika ba, hanya kuma ba kyau. Ta sa aka karanta wurin gashin zabo, idonta a rufe. Na ja zaninta.

"Kaka, mi ya ce? A tafi ko a zauna?"

"Ke dai da gaggawa. Bai taɓa ce mini tafi ko zauna ba. Cewa yake duk inda na sa ƙafa yana nan."

Washegari ta ɗaure ƙunshinta.

Ni aji uku na yi aka cire ni. Ina haɗa baƙi, amma kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da alamomin nan na dogara tun rasuwarta.

To satin da littafin ya dawo, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da ke bayan rafinmu. Maigidana ya ce in ɗauki ɗiyarmu mai wata goma in koma gidan gwaggonsa a Kankara, shi ya tsaya kula da masara. Ya ce ba zai tilasta mini ba, amma mota ranar kasuwa ce kawai. In na tafi, na bar shi. In na zauna, da goyo zan shiga daji ran da suka zo.

Kwana uku ina juya shafi. Na rufe ido na buɗe ko'ina, sai na faɗa kan jerin sunaye, wane ya haifi wane, shafi guda cur. Na je wurin Baba Fasto, ya karanta mini wurare har biyar masu daɗi, amma ban san ko akwai na Kaka a ciki ba. Wallahi haushi ya cika ni, har ita Kakar na ji haushinta. Ni e ko a'a nake nema.

Ban samu ba. Na goya yarinyar na shiga motar.

Yau sati biyu ke nan. Matasan cocin nan a waya suke dubawa, su taɓa sau biyu aya ta fito. Ni na koma shafin farko, ina bi da yatsa, yarinya na jan bangon. Na kai shafi na tara. Wayar babanta kuwa sai ya hau tudu take shiga, kuma jiya bai hau ba.