Ranar da Malam Buba Ya Hau Randa

Duk wanda ya san Malam Buba ya san ba ya shiga rumfar shanu sai da sallama. Zai tsaya a bakin ƙofa, ya gyara hula, ya ce, "Salamu alaikum, 'yan mata." Sai ya ɗan saurara kamar mai jiran izini, sannan ya amsa wa kansa a madadinsu da siririyar murya. Na taɓa ce masa ban ga wannan a littafi ba. Ya ce ai ni Babarbare ne, iyakar sanina allo da tawada, in bar masa ilimin saniya. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare a wata gonar madara a bayan Jidda, ni a ɗakin tatsa, shi a rumfa, ranar hutu kuma mu dawo ɗaki guda a unguwar Mahjar cikin gari. A duk shekarun nan ban taɓa kayar da Bafulatanin nan a gardama ba.

Bari in bayyana aikinsa saboda waɗanda ba su taɓa zuwa gonar ba. Shanun suna tsayawa ne a jere, kowace ta zuro kai ta tsakanin ƙarafa, a zuba musu ciyawar barsim da dusa a gabansu. To, saniya ba ta ci da natsuwa. Tana tona abincin da hanci tana neman dusa, tana turawa gaba, har ya yi mata nisa, ta tsaya tana miƙa harshe ba ta kai ba. Aikin Malam Buba shi ne ya bi layi da wani katako da ya kafa a kan sanda, yana mayar musu da abincin bakinsu. Shi ke nan aikin. Amma in ka ji yadda yake ba da labarinsa a majalisa, sai ka ɗauka shi ke riƙe da Bahar Maliya kar ta malalo gari.

Kowace saniya tana da lamba a kunne, shi kuwa ya ce lamba ta mota ce. Ya raɗa musu suna ɗaya bayan ɗaya: Goggo, Hajiya Babba, 'Yar Makka, Mai Fushi. Shanunsa na gida ya sayar ya zo hajji, bai koma ba, daga baya mai gonar ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi aure can gida. Abin da ya rage masa a duniya shanun nan ne, su ma na wani.

Wata shekara mai gonar ya ce za a rushe tsofaffin komayen siminti masu zurfi a yi sababbi. Mudirinmu, wato manajan gonar, Usama, ya zo da samfuri uku: siminti, farantin ƙarfe, da tayil mai santsi wanda ake shimfiɗawa daidai da ƙasa. Usama haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo daga Kano da ƙafa, yana jin Hausa sarai amma in zai yi ta sai ya haɗa da Larabci. Ya ajiye samfuran a rana, ya buɗe waya yana karanta mana amfanin kowanne. Malam Buba bai saurare shi ba. Ya durƙusa, ya ɗauki simintin ya lasa. Ya ce wannan kankare harshe zai yi. Ya ɗauki ƙarfen da ya sha ranar Jidda ya lasa, ya yi tsalle ya jefar, ya yi kwana biyu yana shan shayi da sanyi. Ya lasa tayil ɗin, ya lumshe ido, ya ce wannan.

Usama, wanda yake kiransa ammi, wato baffa, ya ce, "Ya ammi, kai saniya ne?"

"Da cokali ka ga tana ci? Wanda zai zaɓa mata kwano, ya fara sa harshensa."

Aka shimfiɗa tayil. Malam Buba ya yi wata guda yana taƙama cewa da shawararsa aka gina rumfar. Abin da bai sani ba, irin wannan shimfiɗaɗɗen daɓe shi ne ainihin abin da injin tura abinci yake bukata. Da harshensa ya share wa magajinsa hanya.

Injin ya iso cikin akwati. Wani abu ne kewayayye, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, ba hannu ba ƙafa. Yana fitowa da kansa daga inda yake caji, ya bi layi a hankali, gindinsa yana juyawa yana tura barsim bakin shanu, ya gama ya koma. Malam Buba ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ai randa ce. Sunan ya bi shi, har mai gonar Randa yake cewa.

A ranar ne Usama ya kira shi gefe, ni ina tsaye. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗa: in injin ya yi wata guda lafiya, mai gonar ya ce ba zai sabunta iƙamar ba, za a saya masa tikiti ya koma gida ya huta. Malam Buba ya juya. Ya ɗauki katakonsa ya koma rumfa, amma ranar ban ji sallama ba.

Washegari aka fara yaƙi. Dabararsa ta farko ita ce ya riga Randa. Da ya ji ta motsa sai ya ruga gabanta ya ture abincin duka, don ta zo ta tarar ba aiki ta ji kunya. Randa ba ta san kunya ba. Ta bi layinta ta share abin da babu, ta koma, bayan ɗan lokaci ta sake fitowa. Kafin la'asar ta fito sau takwas, tsoho ya zube a gindin fanka yana haki. Ya ce mini wannan ba aiki take yi ba, riya ce.

Dabara ta biyu da ni ya so a haɗa baki. Ya lura in wani abu ya tare mata hanya tana tsayawa. Sai ya zo ya tambaye ni wace sura ce ta fi tsawo. Na ce Baƙara, wato surar saniya. Ya ce, "Ka gani ko? Ko a can saniya ce gaba." Bai haddace ta ba, don haka ya shimfiɗa darduma a tsakiyar layi ya kama nafila, raka'a biyu-biyu, ba ƙaƙƙautawa. Randa ta zo ta tsaya a bayansa tana ƙara, ɗit, ɗit, kamar mai tari don a san yana jira. Shanu suka zura ido. Da ya sallame na ce masa ya ji tsoron Allah, salla ba sandar faɗa ba ce, kuma 'yan matansa ne ke jin yunwa. Maganar salla ya yi mini gardama. Maganar yunwa ce ta sa ya naɗe darduma. Yana wucewa ya dubi Randa ya ce tana da ladabi, haƙuri ne ba ta da shi.

Daga nan ya saki. Ya jingine katako, ya zauna a kan bokiti a ƙarshen rumfa yana kallo. Ya sa na rubuta wa babbar 'yarsa wasiƙa da ajami, cewa ta share masa ɗaki. Da na gama ya karɓa ya sa a aljihu, bai aika ba.

Saura kwana shida wata ya cika, da hantsi, ya sami Usama ya ce Goggo ba ta ci ba tun jiya. Goggo ita ce ta fi kowace nono a gonar. Usama ya je ya duba, ya ga gabanta fes kamar na sauran, ya ce ga shi ta cinye. Malam Buba ya ce ba ita ta cinye ba. Da can, in saniya ta ƙi ci, tulin abincinta yana nan a gabanta, mai katako zai gani. Yanzu Randa tana zuwa ta baje shi, ta kai wa maƙwabciya, ita kuwa Hajiya Babba ba ta taɓa mayar da kyauta ba. Ya ce a dubi kwiɓinta na hagu ya faɗa, kuma tun safe ba ta tuƙa ba. Usama ya ɗauka wata sabuwar dabara ce. Ya ce, "Halas, ya ammi. Bukra, in sha Allah." Wato a bari sai gobe.

Ana cikin haka Randa ta fito. Malam Buba ya tattare riga, ya dafa, ya haye kanta ya harɗe ƙafa. Ya ce ba zai sauka ba sai an kira likita. Ni dai na zaci za ta tsaya. Ba ta tsaya ba, tunda ba gabanta ya tare ba. Ta ɗauke shi a hankali, tsoho zaune ƙyam da carbi a hannu, shanu na bin sa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Muka fito daga ɗakin tatsa muna riƙe ciki. Usama yana biye da shi yana roƙo da Larabci, da ya ga bai yi ba ya koma Hausa: "Baba, don Allah sauka, injin nan ya fi motata tsada." Malam Buba ya ce to ya kira likita kafin su kai kwana, don bai san yadda ake juya ta ba. Kafin su kai ƙarshen layi Usama ya kira.

Likita ya zo ya duba, ya ce guntun waya ta haɗiye a cikin barsim, da an kai gobe da wuya a same ta. Aka yi mata magani ta tashi. Da labari ya kai ga mai gonar, ya zo da kansa, ya tsaya ya kalli tsohon ya kalli injin. Ya ce injin ya ci gaba da turawa, tsoho kuma ya riƙa shiga gabansa yana duba wadda ta ci da wadda ba ta ci ba. Aka sabunta iƙama. Da na yi masa barka, ya ce ba wani abin barka, ƙarin girma ne aka yi masa, aka ba shi mai ɗaukar kaya.

Shekara huɗu ya ƙara a rumfar nan, hannu a baya, Randa tana biye. Ciwon da ya ɗauke shi bai wuce mako biyu ba, a ɗakinmu na Mahjar. Ranar da zan koma gona na tambaye shi ko yana da saƙo zuwa gida. Ya ce na gida ya riga ya bar wa Allah. Sai ya kama hannuna ya ce in gaya wa Usama ya duba ƙafar 'Yar Makka ta baya, ta dama, ranar da zai taho ya ga tana ɗage ta. Na isar da saƙo. Muna tsugune ni da Usama muna cire mata tsakuwa daga kofato aka bugo waya.

Ya Allah, bawanka Buba ya yi kiwon abin da ba nasa ba, bai bar ko ɗaya da yunwa ba. Ka dube shi yadda ya dube su. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Amin.