Baba Injiniya da Agogon Mai Gida

Mai gidan wasan kwamfuta na layinmu shi ne ya koya wa al'umma kiyaye lokaci. Shi ya faɗa, kuma ba wanda ya musa. Dabararsa ita ce tura agogon bango gaba da minti goma.

Baba Injiniya, mai gyaran kwamfutocin gidan, takwas daidai yake isowa. Ya goge allo, ya taɓa kowace waya, ya kasa kunne ga fankar kowace na'ura kamar likita. Shekara goma sha ɗaya yana haka, ranar Asabar ya ajiye aiki.

Ba za mu manta ranar gasa ba. 'Yan wasanmu biyar sun kai zagayen ƙarshe a intanet, in ƙarfe huɗu ta buga ba su shiga ba, an cire su. Da sun danna shiga, sai manhajar hana maguɗi ta yanke haɗin, ta koro su. Har sau shida.

"Baba, manhajar nan ta tsane mu," in ji kyaftin ɗinsu. "Ni ko satar amsa ban taɓa yi ba."

"Intanet ne," in ji mai gida. "Ko kuma injiniyan ya tsufa."

Baba ya sunkuya bayan kwamfutocin. Ya duba wayoyi, lafiya lau. Sai ya kalli agogon da ke ƙasan allo, ya kalli na hannunsa. Ashe da safe mai gida ya kai tarbiyyarsa har cikin kwamfutocin, ya tura agogonsu gaba da minti goma. Manhajar kuwa, da ta ga lokacin na'ura ya saɓa da na cibiyar wasan, sai ta ɗauka maguɗi ake shiryawa.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba ga mai gida, "ko za ka leƙa mana janareta?"

Kafin ya dawo, agogo biyar sun koma kan gaskiya. Saura minti uku suka shiga. Kyaftin ta kifa kai a tebur, ta sauke ajiyar zuciya.

"Janareta ne," in ji mai gida. "Na gyara."

Kai ne ka gano mai laifi, Baba, ka bar masa girmansa. Mun gode. Masu gyara na bayanka su koyi duba agogo kafin su zagi intanet.

Na bango dai Baba bai taɓa shi ba, na mai gida ne.

"Mutumin kirki," in ji mai gida a jawabin bankwana, "sai dai tunda ya fara aiki bai taɓa zuwa kan lokaci ba."

Baba ya miƙe, ya ba da haƙuri.