Gida Goma Sha Ɗaya a Bakin Layin Dogo

Tun da aka buɗe ofishin safiyo dattijon yake tsaye a gaban tebur, ya ƙi zama. Ma'aikaciyar da ke kula da tsofaffin taswirori tana satar kallonsa. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe, tafin hannunsa duk kanta, irin na wanda ya tsufa da fartanya.

Ta shimfiɗa masa taswirar da aka zana tun ba a haife ta ba, ta roƙe shi kada ya taɓa, takardar ta tsufa. Sai ya zaro tsinke daga hularsa, yana bin layin dogo da shi sama-sama. Da gani bai iya karatu ba. Gadoji yake ƙirgawa, leɓɓansa na motsi. A gada ta uku ya tsaya.

"'Yata, waɗannan baƙaƙen ɗige-ɗigen fa?"

"Gidaje ne, Baba."

Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ita ta san yankin. Bara aka kewaye shi da waya, aka ce duk mai da'awar gona ya kawo shaidar cewa iyayensa sun zauna a wurin. Wataƙila gida guda ne ke jiran abin da zai koma da shi.

"Sha ɗaya," ya ce a hankali. "Mu sha biyu ne. Namu yana bayan tudu, mai awon bai hau ba."

Yana nan tsaye, tsinken yana nuna inda babu komai sai farar takarda.