Ranar da Ta Ƙi Faɗuwa a Gonar Ishaku

Dattijo Yohanna, daren jiya na yi wani mafarki, kuma kai na kawo wa, tunda kai ne mai karatu a cikinmu masu sujadar Asabar. Ni ka san iyakata ajin yaƙi da jahilci, shi ma jahilcin ne ya ci yaƙin.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Maƙwabcina Ishaku, ɗan majami'ar Lahadi, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ga accarsa ta nuna har ta fara zuba. Majami'un gari suka haɗa kai suka sa gayya Asabar mai zuwa, aka aiko in zo da laujena. Ka san halina da gayyar Asabar. Ina hutawa domin Ubangiji har rana ta faɗi, sannan in bayyana daidai lokacin da ake sauke tukunyar gwate. Shi ya sa suke kirana Baba Faɗuwar Rana. Amma wannan karon abin ya tsaya mini a wuya, don da damina da zazzaɓi ya kayar da ni, Ishakun nan ne ya fito daga sujadarsu ranar Lahadi, ya tuɓe rigar coci, ya nome mini gyaɗa. Shi bai jira faɗuwar komai ba.

To, a mafarkin ga ni zaune gindin ɗorawa a bakin gonarsa, cikin farar rigata ta sujada, lauje a cinya, ina jiran rana ta faɗi. Gona cike da mutane ana yanka, ba wanda ya dube ni. Rana ta sauko har kan dutse, sai ta tsaya cak. Na duba da kyau, ashe an ɗaure ta da igiya a turke kamar akuya. Na jefe ta da hoge, ko gezau.

Sai kawai gonar ta koma cikin majami'armu, acca ta tsiro tsakanin kujeru. Fastonmu yana gaba yana wa'azin nan nasa, cewa haɗin kan da zai raba mu da Asabar ba haɗi ba ne, haɗiya ce. Na ce amin da ƙarfi don a san ina nan. Ina juyawa sai ga wata ƙatuwar tukunya a tsakar majami'a, an ce ta dukan majami'un gari ce, ana yanka ranakun mako ana zubawa ciki kamar yakuwa. Mai riƙe da muciya marigayiya matata ce, Saratu, da ɗankwalinta mai ruwan ganye. Ta ɗauko Asabar za ta jefa, na ce, "Saratu, ban da wannan!" Ba ta ce uffan ba. Ta miƙo mini ita na karɓa. Nauyi kamar dutsen niƙa, sai da na sa hannu biyu, lauje ya zame ya faɗi ƙasa.

Sai kawai ga Ishaku yana jan jiki a ƙasa, yana tsince accar da ta zube ƙwaya-ƙwaya yana sawa a hularsa. Ka dai san ƙwayar acca, ko kaza sai ta zura ido. Ya ɗago yana murmushi ya ce, "Baba Faɗuwar Rana, ta faɗi kuwa?" Da ma zagina ya yi, da na fi jin daɗi. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, ashe bakina cike yake da gwate. Ban san sanda na ci ba.

Sai wata murya daga bayan dutsen ta kira ni da sunana na yanka, wanda tun rasuwar babata ba wanda ya kira ni da shi. Ta ce, "Me ke hannunka?" Na yi ƙoƙari na ce Asabar ce, na riƙe ta ban yar ba. Ta ce, "Me ke bakinka?" Na tsaya, haɗiyewa ta gagara, tofarwa ta gagara.

Nan na farka, hannuwana a ƙage a ƙirji, haɓa jiƙe da miyau. Na leƙa ta saman danga da sassafe, ga matar Ishaku ita kaɗai a gona tana korar tsuntsaye da gwangwani.

Dattijo, ni dai ban yi shakkar Asabar ba, rana ta bakwai ce, a kanta nake so a binne ni. Amma me ya sa Saratu ta ba ni ita a hannu ta ƙi magana? In na ajiye ta na ɗauki lauje saboda Ishaku, haɗiyar da fasto yake faɗa ke nan? In kuwa na riƙe ta har accar nan ta ƙare a ƙasa, da wane baki zan gaishe shi ta danga?