Ranar da Aka Buge Mini Hannu a Kan Tumatir

Ko na tsufa tukuf ba zan manta da ranar da wata tsohuwa ta buge mini hannu a ƙasar Italiya ba.

Ni duba-gari ce a kasuwar Lafiya, ɓangaren kayan miya. Aikinmu zagaya rumfuna, abin da ya ruɓe mu sa a zubar. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma kowa ya san ba na raga wa kowa. Shi ya sa da aka zaɓe ni cikin masu zuwa ganin kasuwannin Turai, shugaban sashenmu, Malam Audu, ya ja ni gefe. Ya ce in riƙe bakina, don in na jawo abin kunya, ba za a ƙara tura mace daga ofishinmu ba.

Kasuwar da aka kai mu a Italiya ta tsufa, dutsen ƙasanta har ya yi sulɓi. Ga kifi, ga cuku, ga zaitun. Na hango tumatir ja wur, na yi abin da kowace mace take yi a Lafiya: na ɗauka na latsa. Sai ji na yi tas a bayan hannuna.

Ni da 'yan keke ke kauce wa hanya! Baƙar magana ta zo mini har baki. Na dubi Malam Audu da muka zo tare, ya zama kamar gunki. Na haɗiye, na ce wa tafintanmu ya tambayi tsohuwar mai tumatirin laifina.

Ya ce a nan mai kaya kaɗai ke taɓa kayansa. Tsohuwar ta kafe ni da ido ta tambaya, "Na yau kike so ko na gobe?" Na ce na yau. Ta zaɓo mini nunannu da kanta, ta ƙara ɗaya gyara. Muka bushe da dariya.

Nan na tuna Mama Ladi mai tumatir a kasuwarmu, wadda nake sa wa a zubar da rabin kwandonta kullum, har tana cewa za ta bar sana'ar. Ashe yatsunmu ne ke ruɓar mata da kaya.

Da na dawo na ce mata, "Mama, daga yau duk wadda ta latsa, buge hannun. Ina bayanki."

Ni ta fara bugewa, don na manta. Tana nan tana sana'arta, kuma bana ma mace aka tura daga ofishinmu. Na gane duba-gari ba kwando kaɗai zai riƙa leƙawa ba, har da hannun mai saye.