Durwa ya hau babur

Jama'a, ban saba rubutu a nan ba, amma yau sai na faɗa.

Yaya Sani ya fito da gudu, waya a hannu: "An sace Durwa! Ga shi can hanyar Ruma, a kan babur!"

Durwa karenmu ne. Yaya ya ɗaura masa abin wuya mai nuna inda yake a waya.

Ni kuwa ina ganin Durwa ƙarƙashin rumbu yana barci.

Kaka ta ce, "Kwantar da hankalinka, angona. Ni na kwance, na jefa a aljihun babanku da zai tafi gona. Wa zai sace kare? Ɗana nake ji wa tsoro."

Haka muka zuba wa wayar ido har Baba ya yi sallama.

Ku wa za ku saka wa a gidanku?