Kowace Ƙara Masara Ce

A tashar Ƙanƙara, in ka ce kana neman Mamuda direba za a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Mamuda Mai Kunne, har mai shayi zai nuna maka shi da cokali. Ba don kunnuwansa sun fi na kowa faɗi ba, ko da yake nan ma ba a cuce shi ba. Sunan ya samo asali ne daga wata sa'a da ta taɓa faɗo masa a ka, kuma har yau bai warke daga ita ba.

Shi ne auta a gidansu, kuma ya ci autancin har ya suɗe kwano. An kai shi garejin Malam Abdulganiyu koyon gyaran mota, ya ce baƙin mai yana sa masa ƙaiƙayi. An kai shi gona, ya ce rana tana sa masa jiri. Da yayarsa Hajiya Suwaibatu, mai injin niƙa a bayan kasuwa, ta gaji da ganin ƙato da gemu a gindin dalbejiya yana gyara wa masu dara wasa, sai ta sayi wata tsohuwar mota ta damƙa masa makulli, ya riƙa jigila tsakanin Ƙanƙara da Faskari.

Ranar da sa'ar ta zo da kaka ne, lokacin da mutanen ƙauye ke baza masararsu a gefen kwalta don ta sha rana. Wani dillalin hatsi, Alhaji Sanusi, ya shigo gari motarsa na wata irin caccaka kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. An canza fulogi, an ɗaure fanbel, ƙara tana nan. Mamuda na gefe yana shan rake, ya ce, "Alhaji, daga ina?" Aka ce daga Daudawa. To, shi ma da safiyar nan ya bi ta Daudawa, ya taka shanyar mutane, an raka shi da zagi har bayan gari, kuma tasa motar ta yi wannan caccakar kafin abin ya zube. Bai gaya wa kowa haka ba. Sai ya ajiye rake, ya ɗora kunne a kan bonet, ya lumshe ido kamar mai duba, ya ce, "Masara ce."

Aka yi masa dariya. Amma da aka bubbuga farantin da ke rufe salansa, bututun hayaƙin mota, sai ga masara tana zubowa, wata har ta fashe ta zama gugguru. Alhaji Sanusi ya riƙe baki. Mai shayi ya ba Mamuda kofi kyauta. Malam Abdulganiyu ya tofar da goro ya koma ƙarƙashin mota.

Shi ke nan, ilimin Mamuda ya cika ya batse a ranar, bai kuma ƙara masa ko ƙwayar gero ba. Mota ta yi tari, masara ce. Ta yi gurnani, masara ce. Ko da tsakiyar damina, lokacin da masarar ba ta ko fitar da gemu ba, sai ya ce ta bara ce ta maƙale. Sauran cututtukan mota kuwa yana da maganinsu na gida. Lagireto na yoyo, a fasa masa ɗanyen ƙwai. Tanki na ɗiga, a liƙe da sabulu. Wata 'yar jar fitila da ke kunna kanta a gaban sitiyari tana hana shi sakewa, ya samo sitika mai hoton masallaci ya manna a kanta. Ƙarar da ta ƙi jin duk wannan, sai ya murɗa rediyo har ta ji kunya ta yi shiru.

Malam Abdulganiyu ba mutum ne mai tauna magana ba. Ya taɓa tare shi a bakin masallaci ya ce, "Kai gudajjen almajirina, zo in ba ka karatun da ka tsere ma. Fanbel in ya saki, kukan ɗan tsako shike. Birki in ya cinye, kamar ana wasa wuƙa. Ƙafar mota in ta mutu, sai ka faɗa rami take gaishe ka. Duk waɗannan suna ba ka lokaci. Amma ran da ka ji ana ƙwanƙwasa daga cikin inji, ka taka totur ta ƙaru, ka saki ta ragu, to kashe motar ka sauka. Wannan ba ta sallama sau biyu."

Mamuda ya gyara hula ya ce, "Malam, ku sai kun kwance kuke gani. Mu daga nesa muke ji."

"Shi ya sa kullum daga nesa ake jawo ka da igiya," in ji Malam.

Gaskiya ne kuwa. Babu wata bishiya mai inuwa tsakanin 'Yargoje da Faskari da fasinjojin Mamuda ba su san daɗinta ba. Hajiya Suwaibatu ta yi haƙuri irin na wadda ta goya mutum a bayanta, har haƙurin ya ƙare. Da 'yarta Mansura ta haihu a Sabuwa aka sa ranar suna, sai ta kira shi gaban injin niƙanta, ta sa aka kashe don ya ji da kyau.

"Auta, kai za ka kai ni. In motar nan ta aje ni bisa hanya, makulli na Gide ne."

Gide shi ne mijin Mansura, direban da 'yan tasha ke cewa har mai keke yana wuce shi ya yi masa sannu. Sai dai ba a taɓa ganin igiya a gaban motar da yake ja ba. Mamuda ya fi son a ce ya koma gona da a ce Gide ya gaje shi. Ya daki ƙirji ya ce, "Yaya Hajiya, mota tana magana da ni kamin ta yi ciwo."

"Ni ma ina magana da kai tun kana tsumma, mi ka ji?" in ji ta.

Suka tashi da hantsi, don hanyar ba wadda ake so la'asar ta sami mutum a kanta ba ce. An loda buhunan shinkafa, jarkokin man gyaɗa, turmin daka sabo, da rago a bayan kujera yana kallon kowa da zargi. Motar ta durƙusa har cikinta na neman shafar ƙasa. Kuma kaka ce. Daga 'Yargoje zuwa gaba kwalta ta zama tabarmar kowa, shanya hagu, shanya dama, an jera duwatsu a bakin kowace don kada mota ta hau.

Dab da Ruwan Godiya wata gingimari ta taso ta cinye tsakiyar hanya. Gide da tsayawa zai yi. Mamuda kuwa ya ce tsayawa ta masu koyo ce, ya karkata ya hau shanyar wani bawan Allah. Akwai buhu yashe a bakinta, kuma a ƙarƙashin buhun akwai dutse wanda ba a ɗauka da hannu ɗaya. Aka ji gum daga ƙasa. Rago ya yi salati da yarensa. Mai masara ya biyo su da gudu yana ambaton iyaye da kakanni.

"Tsaya ka duba," in ji Hajiya.

"In tsaya shi kama ni? Ba komi, Yaya. Ƙarfe ne ya gaisa da dutse."

Dutsen ya tsaga kaskon da baƙin mai ke zama a ƙarƙashin inji. Man ya shiga zuba, yana zana baƙin layi a bayansu kamar ana yi wa hanya kwalli. Jar fitilar nan ta kama, ta yi iya yinta, amma tana bayan masallaci, ba mai ganinta.

Ba su yi nisa ba aka fara ƙwanƙwasawa. A hankali da farko, kamar baƙo mai kunya. Hajiya ta karkata kai.

"Auta, mi ke wannan?"

Mamuda ya yi murmushi irin na wanda aka tambaya abin da ya fi sani a duniya. Ya lumshe ido, a kan hanya, yana tuƙi. "Masara ce. Ba ki ga mun hau shanya ba? Yanzu za ki ji ƙamshin gugguru."

"Ni ƙauri nike ji. Kuma duk ka taka sai ta ƙaru. Injina na niƙa ya taɓa yin wannan kukan ran da aka manta ba a zuba mashi mai ba."

"Haba Yaya, ki haɗa mota da injin niƙa? Wannan fa fannina ne."

Ya miƙa hannu ya murɗa rediyo. Ana cikin shirin gaishe-gaishe, wani a Faskari yana gaida surukansa kaf da sunayensu. Ƙwanƙwasar ta daina kunya, ta koma dukan maƙera. Ya ƙara rediyo. Ta ƙara. Ya taka totur don, a cewarsa, iska ta kakkaɓe masarar. Nan injin ya yi wata ƙara guda kamar an yar da tukunyar ƙarfe a rijiya, motar ta yi shiru, ta gangara gefen wata gonar dawa ta tsaya. Mai gaisuwa bai ko kai kan ƙannen matarsa ba.

Hajiya ta buɗe ƙofa. Ta fito, ta gyara mayafi, ta tsaya tana kallon baƙin layin da ya biyo su tun daga inda ido ke iya kaiwa. Mamuda ya buɗe bonet, hayaƙi ya mare shi. Ya leƙa nan, ya leƙa can, ya kwanta a ƙasa da farar shaddarsa ta zuwa suna, ya cusa hannu bayan salansa yana ƙona yatsu. Can sai ga shi ya miƙe, fuska duk baƙi, ido na ƙyalli. Ya buɗe tafinsa. 'Yan ƙwayoyin masara ne, sun yi gashi.

"Ban faɗa maki ba?"

Hajiya ta dubi masarar, ta dube shi. "Ka faɗa, Auta. Riƙe ta da kyau, ita ce rabonka a motar. Miƙo makulli."

Wata motar ɗaukar hatsi mai zuwa wajen Sabuwa ta kwashe ta, ita da shinkafarta da ragonta. Shi aka bar shi gadin gawa, har Malam Abdulganiyu ya iso da igiya. Malam ya zaro sandar awon baƙin mai, ya same ta a bushe kamar tsinken tsire, ya ɓare sitikar nan da farce, ya manna wa Mamuda a goshi.

An sauke inji an sa wani. Gide ke jan motar yanzu, a hankali, kuma tana zuwa. Mamuda yana nan tashar Ƙanƙara yana kiran fasinja, har da na motar Gide in layi ya zo kanta. Masarar tana ƙulle a leda cikin aljihun gabansa. In baƙo ya zauna kusa da shi wurin mai shayi, sai ya kwance ta ya baza a tafi, ya ba da labarin ranar da kunnensa ya ji masara a cikin mota tana gudu, ana rediyo, ga rago yana kuka.